Rumbun da Na Rushe Sau Biyu

Na sha wuya a ginin rumbun nan. Shekara talatin da wani abu ina gina rumbun ƙasa a garuruwan da ke tsakanin Gangara da Tanut, ban taɓa yin wanda ya gajiyar da ni kamarsa ba, kuma shi ne mafi muni a cikin duk waɗanda hannuna ya gina. Laka ba ta ba ni wuya ba, rana ma na saba da ita. Kaina ne ya ba ni wuya.

Gara in faɗi irin kan tun yanzu, kada a yi zaton a shekarar ya fara. Da shi aka haife ni. Hankalina ba ya zama wuri ɗaya. Ina yaro in aka aike ni rijiya, sai a same ni tsugune ina kallon tururuwa, guga na hannuna. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko. Mushe, malaminmu, ya gaji da kirana sau uku kafin in waiga, ni ma na gaji da bulala, aka bar ni na koma gona. Uwata ta kai ni wurin malamai, na sha rubutu har cikina ya saba. Wasu suka ce iska ce. Yau furfura ta cinye rabin gemuna, abin yana nan. In ka shiga gidana za ka ga akurkin kaji ba ƙofa, da turmin da na fara sassaƙa damina biyu da suka wuce, da rediyo a buɗe, hanjinsa a waje. Duk ni na fara su, kuma ranar da na fara kowanne na rantse a ranar zan gama.

Da wannan kaɗai ne da sauƙi. Amma ni ɗin nan da ba na gama abu, ni ne kuma ba na iya ganin aibu a aikina in bar shi. Karkata kamar faɗin yatsa, wadda mai rumbu ba zai gani ba har ya mutu, ni ita kaɗai nake gani. In na je gida tana gabana, in na sa hannu a tuwo tana cikin kwanon. Sannan ga magana. Mutum zai faɗi kalma ɗaya a kan aikina, ko ma ya yi shiru a inda na sa ran zai ce madalla, sai in ji kamar an ɗora mini garwashi a ƙirji. Mutanen garinmu sun rabu biyu a kaina: masu cewa rago ne, da masu cewa girman kai ke gare ni. Matata ta ce duka biyun ƙarya ne, wahalalle ne kawai.

Ginin rumbun ƙasa ba a yi masa gaggawa. Za ka jera duwatsu, ka ɗora itace, ka shafe gindi da laka. Daga nan sai zagaye. Ka cuɗa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, ka bar ta ta kwana, da safe ka murza ta kamar igiya mai kauri, ka ɗora a bakin bango, ka matse da yatsu, ka shafe ciki da waje. Tsawon zagaye ɗaya kamar faɗin tafin hannu. Sai ka tafi gida, ka bar wa rana sauran aikin. Gobe ka dawo ka ɗora wani. Babba yakan ci sati uku, ya ƙara sati yana bushewa kafin a zuba masa hatsi. Wannan ne ya sa na daɗe a sana'ar, don aikin yini ɗaya gajere ne, hankalina yakan kai ƙarshensa in Allah ya taimaka. Wahalar ita ce dawowa gobe.

Rumbun da nake magana na yayata ne, wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu da bazara. Da damina ta yi tsakiya tsohon rumbunsu ya jiƙe ya zauna. Ita ta nome gonar, makwabta suka taya ta da gayya sau biyu, Allah kuma ya ba da hatsi a shekarar. Aka yanke, aka ɗaure dammuna, aka tara su a tsakiyar gona aka kewaye da ƙaya, don gidanta ɗaki ɗaya ne da rumfa, babu inda za a sa su. Abincinta ke nan na shekara, ita da marayu.

A ƙasarmu kowa ya san hatsi ba ya daɗewa a gona. Akwai ranar sakin gonaki. Mahukunta da sarakuna ke yanke ta, mai gari ya sa a yi shela. Kafin ranar, dabbar da ta shiga gonarka mai ita zai biya ɓarna. Daga ranar kuwa gona ta zama makiyaya. Fulani da Buzaye da suka yi damina a arewa, wajen Belbeji da gaba, suna nan a bakin iyaka suna jira da shanu da raƙuma, su ma ciyawarsu ta ƙare. In ka bar hatsinka a fili aka ci, ba ka da bakin magana a gaban kowa.

Tun ruwa bai ɗauke ba Yaya ta yi mini maganar rumbun. Na ce kada ta damu, zan yi mata wanda babu irinsa a garin. Da gaske nake. Wannan alkawarin ne ma ya fara cuta ta, don na ƙi ƙasar da kowa ke ɗiba a bakin tabkin garinsu, na ce tana da yashi. Na yi kwanaki ina yawon neman mai kyau. A cikin yawon na tsaya na gyara wa wani ƙafar amalanke, na bi wani Tanut sayen igiya na dawo da wuƙa da tabarma ba igiya. Ranar da aka yi shela, saura sati biyar, ban jera ko dutse ɗaya ba. Na koma na ɗebi ƙasar bakin tabkin da na raina.

Sati biyar ya isa, har da saura. Na fara, aiki ya tafi daidai. Tabkin ya riga ya ƙafe, ruwan cuɗa laka daga rijiya yake zuwa, rijiyar garinsu kuwa ta fi gaba talatin. Yaya ke zuwa da jakinta tun da asuba ta bi layi, ta kawo mini bido huɗu, manyan jarkoki, kafin hantsi. A lokacin ban lissafa wannan ba. Ina zuwa in tarar da ruwa, shi ke nan.

Da bango ya kai ƙugu, wata safiya na ja da baya na duba, sai na ga ya ɗan yi ciki ta gefen gabas. Kamar yatsa biyu. Na zagaya na dawo, yana nan. Na sa hannu na ɓamɓare zagaye uku. Yaya ta fito daga ɗaki ta tsaya.

"Auta, lafiya?"

"Ya karkace."

Ta zagaya rumbun ita ma, ta runtse ido ɗaya. "Ni ban ga komai ba."

"Ba za ki gani ba. Ni na gani."

Ta kwance jakinta ta koma rijiya. Kwana huɗu suka tafi a nan.

Na sake tayar da shi har ya kai ƙirjina. Wannan karon ya yi kyau, ni da kaina na san ya yi kyau. Sai ranar kasuwar Gangara ɗan kawunmu ya biyo ta garin a kan babur. Taubashina ne, ni ɗan mace, shi ɗan namiji, sa'annin juna ne kuma, tare aka yi mana kaciya. Mutum ne mai ƙiba da babbar murya, yana da shanun noma da amalanke da rumbu biyu. Tun muna yara aikinsa ke nan ya tsokane ni, kuma al'ada ta ba shi. Ba a fushi da taubashi. Wanda ya yi, shi za a yi wa dariya.

Ya kashe babur, bai ko sauka ba. Akwai maza uku ko huɗu zaune a inuwar zana suna kallon aikin.

"Kai ɗan mace! Bawana! Wa ya ba ka izinin taɓa laka ban sani ba?"

Na ce, "Sannu da zuwa."

"Wannan mene ne? Rumbu ne, ko tsohuwa ce ta sunkuya tana neman allura?" Ya juya wajen Yaya, wadda yake kira matarsa da wasa. "Matata, ke kuma da kika rasa magini sai wannan? Ai da kin zuba hatsin a hulata, ta fi shi daidai."

Yaya ta ce, "Rufe mana baki, kai da ko duwatsun murhu ba ka iya jerawa. Hularka ma ƙwarƙwata ta cika ta, ina hatsi zai shiga?"

Aka kwashe da dariya. Nan ne ya kamata in jefa tawa, in ce masa wani abu a kan tumbinsa ko babur ɗinsa da sai an tura. Haka ake yi. Ni kuwa haƙora kawai na buɗe kamar ina dariya. Ya sha ruwa, ya tayar da babur ya wuce kasuwa. Duk abin bai kai tafasar shayi ɗaya ba.

Na gama zagayen ranar, na wanke hannu, ban tafi gida ba. Na zauna ina kallon rumbun. Tun da safe daidai yake, yanzu kuwa duk ta inda na duba sai in ga tsohuwa a sunkuye. Na ce a raina mazan nan ba dariyar wasa suka yi ba, sun daɗe suna gani sun yi shiru. Na ce Yaya ma ta gani, kunya ce ta hana ta faɗa. Na ce gobe a kasuwa za a ce magini ya tsufa, ido ya tafi. Bayan la'asar kowa ya watse, Yaya ta tafi rijiya. Akwai gatari jingine da zana. Na ɗauka. Busasshen bango ba ya gardama, kafin ta dawo na mai da shi iyakar gwiwa.

Ina ajiye gatarin zafin ƙirjin ya tafi, kunya ta maye wurinsa. Ban jira ta ba. Ban je gida ba ma. Na tari wata mota da ke komawa daga kasuwa, na ce Belbeji. Na sauka wurin wani da na taɓa yi wa gini, na ce masa aiki na zo dubawa. Kwana huɗu na yi. Na kashe salula. Da safe in tafi tasha in zauna a benci, in kalli ana loda awaki, in yi ta shirya amsar da ya kamata in ba taubashina. Na shirya ta fi ashirin, duk masu kyau. Ko sau ɗaya ban yi tunanin dammunan da ke gona ba. In tunanin ya taso sai in tashi in canza benci.

Ran na biyar na dawo gida. Matata na tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗaga kai ba.

"Malam, an dawo? Yaya ta zo sau uku. Jiya a nan ta wuni."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, shi ne abin tsoron. Ga ruwa can, ka wanke fuska, don na ga jakinta ya shawo kwana."

Yaya ta shigo, muka gaisa kamar kullum, ta tambayi hanya. Ta zauna a kan turmin da ban gama ba.

"Auta, saura kwana goma sha biyu."

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka je Belbeji ba. Ni ban zo faɗa ba, na gaji da yawa. Abu ɗaya zan tambaye ka. Lakar nan da ka zubar, ka san bido nawa ce?"

Ta amsa wa kanta.

"Ni na sani, bayana ya sani. Ban ce ka gina mini abin kallo ba. Ba amarya za a kai ciki ba, hatsi ne. In ɓera bai shiga ba, ruwa bai shiga ba, ya ishe ni, ko da kamar kunkuru yake."

Na ce a kwana goma sha biyu babu rumbun da zai tashi ya bushe. Ta ce to a yi wanda zai tashi. Na ce guntu zai zama, mummuna, kowa ya wuce sai ya tambayi wa ya gina. Ta ce, "Sai in ce ƙanena ne. Gobe da hantsi ina jiran ka. In ba ka zo ba zan zo da igiyar jaki."

Da na je washegari na tarar ta canza tsarin wurin. Gatari babu, hauya babu, duk ta kai gidan makwabta. Ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbun, ta ajiye kwandon yakuwar da take tsinka. Ta miƙo hannu.

"Kawo salula."

Na ba ta. Ta ɗaure a bakin zane.

Haka muka yi kwana takwas. Ina murza laka, tana zaune tana tsinkar yakuwa, ba ta ko kallona sosai. In hannuna ya tsaya, idona ya bi wani tsuntsu ko wata hayaniya a bayan gari, sai in ji ta ce, "Auta, laka." Ba da faɗa ba, kamar yadda ake ce wa jaki ya ci gaba. Sai in dawo. Wani ya leƙo ya ce ƙofarsa ta ɓalle ko zan duba, kafin in buɗe baki ta ce masa maginin nan an saye shi sai bayan sakin gonaki. Ina shafe ƙarshen zagaye za ta tashi ta jawo zana ta kewaye rumbun, ta tsaya a gaba.

"Bari in ja baya in duba."

"Ba ka dubawa. Tafi gida."

"Yaya, ta gefen kudu kamar..."

"Na ce tafi gida. Kudu na nan gobe."

Kwanakin da rana ta yi zafi ta sa na yi zagaye biyu, safe da yamma, abin da ban taɓa yarda da shi ba, don yana sa tsagewa. Ya tsage kuwa, wuri biyu. Na nuna mata. Ta ce a cusa laka. Na cusa, tabon ya fito kamar ɗinkin ƙwarya. Kwana biyu ina jin tabon nan a jikina. Ran na uku na lura na yi rabin yini ban tuna da shi ba. Wannan ya ba ni mamaki, don a da ban taɓa barin aibu ya kwana uku ba balle in san yana sakin mutum.

Abin da na gane a kwanakin nan ba shi da yawa. In akwai mutum zaune kusa da ni, ko bai ce komai ba, hankalina yakan zauna. In babu abin rushewa a kusa, zafin yakan wuce kafin in nemo shi. Bayan shekara biyu na kai ciwon baya likita a Tanut, hira ta kai mu nan da majo, mai duba marasa lafiya, ya ce akwai mutane da yawa masu irin wannan kai, ba iska ba ce, ba lalaci ba ne, har suna gare shi da Faransanci. Ya faɗi sunan, kafin in kai tasha ya ɓace mini. Shawarar da ya ba ni kusan duk Yaya ta riga shi, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Har yau in zan yi gini sai na ce a ba ni tsoho ko tsohuwar gidan su zauna kusa, in ba su salulata. Wasu suna dariya. Ban warke ba, kada a ce na ce na warke. Bara ma na rushe wani, amma zagaye ɗaya.

Ran na takwas na tanƙwasa bakin rumbun na rufe aiki. Iyakarsa kafaɗata. Gajere, mai faɗin gindi, da tabo biyu, ya kuma karkata kudu da gaske, ba a idona kaɗai ba. Muka auna da ido ni da Yaya, muka ga ba zai ci fiye da kashi biyu cikin uku na hatsin ba. Ga kuma jigila daga gona, jaki ɗaya ba zai iya ba.

Ta ce, "Ɗan kawu na da amalanke. Rumbunsa na biyu kuma rabi ne bana."

Na ce to ta aika masa.

"Kai za ka je."

Na ce ta aiki kowa ban da ni. Ta ce ita ba ta rushe komai ba.

Na tafi da ƙafa, na ja tafiyar har rabin yini, don ina so hanya ta yi tsawo. Na same shi a ƙofar gida yana ba shanu ƙaiƙayi. Tun daga nesa ya fara.

"A'a! Bawana ya zo gaisuwa! An ce ka gudu Belbeji, na ce ƙarya ne, wa zai karɓe ka a can?"

Garwashin ya sauka a ƙirjina daidai inda ya saba. Ƙafata ta ce mu juya. Na kama ƙahon sa ɗaya na riƙe, don hannuna ya sami abin yi. Na faɗi abin da ya kawo ni, amalanke da wuri a rumbu. Ya ce wannan ai ba sai an roƙa ba, hatsin matarsa ne. Sannan ya ce, "Amma tsaya. Rumbun da na gani ran kasuwa fa? Ai ya kusa kai."

"Na rushe shi."

"Don me?"

"Ka ce tsohuwa ce ta sunkuya."

Ya saki kwandon ƙaiƙayi. Ya daɗe yana kallona. "Ni na ce haka?"

"A gaban mutane."

"Wallahi ban tuna ba. Ni ko rumbun ban duba ba, ƙishirwa nake ji." Ya zauna a kan amalanken. "Kai, ashe haukanka na gaske ne. Shekara hamsin ina zaginka, ashe duk kana tarawa?"

Na ce ina tarawa.

Ya shafa kai. Muryarsa ta sauka, abin da ban taɓa ji ba. "To in daina?"

Na yi tunani. In ya daina, duk dangi za su ce mun ɓata, kuma duk ranar da ya gan ni ya yi shiru zan san dalili, wannan ya fi zagin ciwo. Na ce kada ya daina.

"To in na faɗa ka rama mana. Bakinka ciwo yake?"

Duk amsoshin da na shirya a tashar Belbeji babu wadda ta zo. Na duba shi sama da ƙasa na ce, "Sauka daga amalanken nan kafin ka karya shi, muna da aiki da shi."

Ya ce, "Wannan ce ramuwar? Allah ya sawwaƙe. To, an fara dai."

Rumbun bai bushe yadda za a zuba masa kaya ba sai ana gobe saki. Ranar tun da asuba muka fara jigila, ni da shi da Yaya. Muka cika guntun rumbu har baki, na ɗora masa jinka. Sauran kuma sai garin taubashi, sawu ɗaya zuwa da dawowa ya cinye yamma. Rana ta faɗi da saura tari ɗaya a gona, shanun sun gaji sun ƙi tashi. Muka ƙara ƙaya a shingen, muka ce da sassafe.

Da sassafen dabbobi sun riga mu. Tun daga bayan gari muka hango gonakin sun cika, shanu fari da ja, raƙuma a bayansu. Raƙumi ba ruwansa da shingen ƙaya, ta sama yake miƙa wuya, in ya ja dami ɗaya shinge ya buɗe shanu su bi. Wani dattijon Bafillace na tsaye yana korar su da sanda, shi kaɗai, tun kafin mu iso. Ya ba mu haƙuri, ya ce bai san akwai hatsi a wurin ba sai da ya ga sun taru. Ba wanda ya ga laifinsa, ranarsa ce. Ya ma tsaya ya taya mu jawo abin da ya saura.

Yaya ta ƙirga igiyoyin da ke ƙasa. Dami goma sha uku. Ta tsaya riƙe da su a hannu.

"Abincin wata guda ke nan da wani abu," in ji ta. Sannan ta dube ni. "Kwana huɗun Belbeji ne wannan."

Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba, har yau. Wannan karon ba wasa ba ne, ba kuma zato na ba ne, gaskiya ce aka faɗa mini a gaban baƙo. Zafin ya zo, ya fi na kullum. Hanyar mota tana nan kusa, ina jin ƙarar wata tana tahowa. Na tsuguna na fara tsintar zangarniyar da aka tattake ina kaɗe yashi ina sawa a kwando. Na ce wa kaina in cika kwandon nan tukuna. Da ya cika na ce in cika wani. Haka har azahar. Mun sami abin da ya kai dami biyu, duk yashi. Yaya ta kawo fura a gonar, ta miƙa wa taubashi, ta miƙa mini, na karɓa na sha.

Da yamma na gaya wa matata yadda aka yi. Na ce zan kai wa Yaya goma sha ɗaya daga namu. Ta ce namu ba zai kai mu damina ba in na yi haka, bakwai za mu iya. Na ce goma sha ɗaya aka rasa, in ba su cika ba gara kada in kai komai. Ta ce, "Ka ji ka ko? Bakwai, Malam."

Washegari bayan sallar asuba na buɗe rumbunmu na fitar da dami bakwai. Na aro jakin makwabci na ɗaura masa, na kama hanya. Na yi nisa kafin in ƙirga in ga shida ne, na bar ɗaya a ƙofar gida. Na ɗaure jakin a gindin wata ƙirya, na koma na ɗauko shi a ka. Da na isa Yaya na daka. Ta dubi jakin, ta dube ni, ta nuna mini kan rumfa da haɓa. Na jera su a can, na kwance igiya, na mai da jakin mutane.